Birkin Baba Direba Ya Ƙi Saki

"…Lafiya lau na tashi, sai da na ɗaga ido na gan ka lafiyar ta gudu."

"To madalla. Ina gajiya, amaryata?"

"Ga ta nan tsaye a gabana da jakar sifanu a kafaɗa. Wai kai ba ka da wata riga ne sai wannan mai warin baƙin mai?"

"Ita ce ta zuwa zance. Da ita na sace zuciyarki."

"Je ka duba abin da ka sata da kyau, ta kaza ce."

Haka suke gaisawa tun Guntu bai iya ɗaura wando ba. Kaka ce ta laƙa masa sunan ranar da aka miƙa mata shi cikin zani. Ga shi yanzu duk dangi babu wanda ya kai shi tsawo, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta, amma suna ya zauna daram. Sana'arsa wayarin mota, kuma ya iya. Wannan ko Kaka ba ta musawa, sai dai in a gabansa ne.

Amma yau zolayar ba ta yi masa daɗin da ta saba ba. Gidan fayau yake. Tun da sassafe motar kaya ta kwashe gado da kujeru da tukwane, har labule ba a bari ba, an kuma yanke wutar lantarki. Duk maganar da suka yi sai ta bugi bango ta dawo musu a sanyaye, kamar akwai wani a ƙuryar ɗaki yana maimaitawa. Kaka na zaune a kan kujerar roba guda da aka bar mata, sandarta a gicciye bisa cinya.

A watan jiya ne ta zame a banɗaki, ta kwana a ƙasa tana kira babu mai ji, sai da maƙwabciya ta leƙo da hantsi. Shi ya sa baban Guntu, ɗanta na fari, ya ce zama ita kaɗai ya ƙare, ta koma wurinsa. An sha fama kafin ta yarda, kuma da sharaɗi ta yarda: ba za ta bar gidan nan ba sai a cikin motar mijinta, marigayi Baba Direba, wadda ba ta fita gareji ba tun rasuwarsa. In motar ba ta fita ba, Kaka ba ta fita, ko da kuwa a kan siminti za ta kwana. Guntu ya san halinta sarai, ba ta faɗin magana ta janye. Tsoron da yake ji ke nan.

"Taso mu je, tsohuwa. Yau zan ɗauke ki a gaban mota, kowa ya san na yi mata."

"Ka yi mata ko ka yi kaya? Miji ba cefane, ba sabulu, sai tsawo kamar falwaya."

"Ai tsawon kika bi."

"Ungo naka!" Ta watsa masa yatsu biyar, sannan ta miƙa masa hannun ya tashe ta.

Garejin yana gefen gida. Da Guntu ya ja ƙofar ƙarfen ta yi wani kuka mai tsawo, hasken rana ya shiga rabi ya tsaya. Motar na nan, hancinta a waje, yadda tsofaffin direbobi suke ajiye mota. Baba Direba a kan gingimari ya ƙarar da ƙuruciyarsa, sai da ya ajiye aiki 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa wannan ƙaramar ta zamani. Har ya koma ga Allah bai daina kiranta motar 'yan gayu ba.

Guntu ya zo da batir ɗinsa, don ya san na ciki ya mutu murus. Ya buɗe bonet ya canza, ya goge hannu, ya buɗe ƙofar direba. Ƙamshin turaren marigayin ya fito ya tarye shi, sabo fil, kamar yanzu ya sauka. Ya ɗan tsaya. Sannan ya tura kujerar baya don ƙafafunsa su samu wuri, ya zauna, ya tada injin.

Kujerar ta yi zuuu, ta fara tafiya gaba da kanta. A hankali, ba gaggawa, har gwiwoyinsa suka haɗu da sitiyari.

"Yauwa," in ji Kaka daga bakin ƙofa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mai motar ya iso. Cewa yake ka tashi masa a wuri."

"Haba Kaka! Motar ce take tuna inda mai ita yake ajiye kujera. Da makulli take ganewa."

"Ai ni ma abin da na ce ke nan. Ta gane mai ita, ta ga ba kai ba ne."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya mayar da kujerar, ya taka birki, ya danna ɗan maɓallin da ke gefen giya. Daga tayar baya ta dama aka ji ƙara siririya, ziii, ta tsaya. Daga ta hagu kuwa wani nishi ne ya fito, mai kauri, irin na mutumin da ya ɗauki kaya ya rasa inda zai sauke. Jar fitila ta hau ƙiftawa a gaban sitiyari, wata rawaya ta kama a gefenta, ƙararrawa ta shiga bugawa. Ya sa giya ya ɗan taɓa totur. Motar ta yunƙura, ta karkace ta gefen hagu, ta koma ta zauna.

Guntu ya ɗaga ƙafa daga totur, ya cire giya.

"Me ya faru, ango? Amarya na jira."

"Birkin ajiye mota ne ya ƙi saki."

"To ka ja sandar mana. Ko hannun naka na ado ne?"

"Wannan ba ta da sanda. Maɓalli ne. In ka danna, sai ya aika saƙo ga wasu 'yan injina biyu a tayoyin baya, su matse ko su saki."

"Wato birkin ma sai an tura masa ɗan aike."

"Haka nan."

"Ɗan aiken kuma irinka ne, ya tsaya kallon 'yan mata a hanya."

"Wace yarinya zan kalla ina da ke? Ke da aka ƙirƙiro taya a gabanki."

"A gabana? Ni na riƙe wa mutumin fitila. Da bai ji shawarata ba, da mai kusurwa huɗu ya yi."

Ta jawo wani tsohon galan ta zauna a kai, ta dogara haɓa a kan sanda. Ba shi take kallo ba, tayar hagu take kallo.

"Ba lalacewa ta yi ba," ta ce. "Riƙe ta ya yi. Bai yarda in tafi ba."

"Kishi ne kawai. Ya ga saurayi sabon jini zai wuce da matarsa."

"Sabon jini! Kai da in ka hau matakala biyu sai ka nemi wurin zama. Shi da hannu ɗaya yake ɗaga tayar gingimari, ɗayan hannun yana shan shayi."

"Bara kin ce da hannu biyu ne."

"Bara ban so in karya maka zuciya ba."

Guntu ya buɗe akwatin fiyus ya haska da tocila, ya zaro na birkin ya ɗaga shi sama. Lafiyarsa ƙalau. Ya gwada batir da mita, wuta cike. Ya ɓalle maɓallin daga mazauninsa, ya hure ƙura, ya duba wayoyin bayansa ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsinke, babu wadda ta ƙone. Ya mayar, ya sake dannawa. Dama ta amsa. Hagu ta sake wannan nishin, ya ma fi na farko tsawo, har ƙofar garejin ta ɗan yi rawa.

"Ka ji ko?" in ji Kaka. "Haka yake yi in an tashe shi barcin rana."

"Kaka, don Allah ki bari."

"Au, tsoro kake ji? Miji guda?"

"Ni? Ni da na taɓa gyara motar ɗaukar gawa, da gawar a ciki."

"Shi ya sa tun ranar kake barci da fitila. Uwarka ta gaya mini."

Gaskiya ne kuwa, tsoro yake ji, kuma haushin kansa ya kama shi. Mutum da sana'arsa, da rana tsaka, ya tsaya tsigar jikinsa na tashi saboda ƙarar ɗan inji! Ya ciro 'yar kwamfutarsa ta gwajin mota ya soka wayarta a ƙarƙashin sitiyari.

"Wannan kuma mece ce? Allon duba?"

"Likitar mota ce. Ita za ta tambaye ta inda ke mata ciwo."

"To tambaye ta ko ta san ranar da za ka yi hankali."

"Ta ce ranar da kika daina ɓoye alawa a ƙarƙashin filo."

"Maƙaryaciya ce, irinka."

Rubutu ya fito a fuskar kwamfutar. Injin birki na tayar baya ta hagu, wuta ba ta isa gare shi yadda ya kamata. Guntu ya sauke ajiyar zuciya. Ko ba komai, abu ne mai suna.

"Shi ke nan, an gano. Hagu ce. Yanzu zan cire tayar in kwance injin, in murza birkin da sifana ya koma baya da ƙarfin tsiya. Mu tafi a haka, in mun isa na gyara a nitse."

"Ka yi me?"

"In murza shi da…"

"Ka ɓamɓare masa yatsu, ke nan."

"Kaka, ƙarfe ne fa."

"Ban yarda ba." Ta buga sandarta a ƙasa, garejin ya amsa. Babu wasa a fuskarta ko kaɗan. "Tunda nake da shi bai taɓa fizgar hannuna ba, ni ma ba za a fizgi nasa a gabana ba. In zai sake ni, ya sake ni da kansa, ta wannan maɓallin da yake dannawa. In ka sa sifana ka tilasta, wallahi ka tafi da motar, ni ina nan."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Babansa ne. Ya duba, ya mayar bai ɗauka ba, don bai san abin da zai ce masa ba. Ya tuna ɗakunan can ciki, babu gado, babu wuta, da banɗakin da ta kwana a ƙasansa. Ya juyo wurin Kaka.

"To, ranki ya daɗe. Za mu lallashe shi. Amma ki sani, in na yi nasara, sai kin faɗa da bakinki cewa na fi shi iya mota."

"In ka yi nasara zan faɗa cewa ka fi shi tsawo."

Ya kashe injin, ya tokare tayoyin gaba da duwatsu, ya kafa jak, ya kwance notuna. Da ya durƙusa zai zare tayar sai ya ji sanyi ya ratsa gwiwar wandonsa. Ya haska ƙasa. Siminti a jiƙe yake, daidai ƙarƙashin wannan tayar kaɗai. Ya haska sauran ukun, a bushe ƙayau, har da ƙura. Ya haska rufi, babu yoyo. Ya dangwala yatsa ya sansana. Ba man birki ba ne, ba fetur ba ne. Ruwa ne zalla.

Ya zare tayar ya jingine, ya kwanta a kan kwali ya tura kai ciki. Ga ɗan injin nan manne a bayan birkin, ga soket ɗin wayarsa. Ya matsa ya zare shi, ruwa ya tsiyayo masa a hannu. Cikin soket ɗin ya yi kore shar, ƙarafan sun ci tsatsa, ɗaya ma saura ƙiris ya rabu.

"Kaka."

"Na'am, mijin wahala."

"Wa yake zuba wa tayar nan ruwa?"

Daga inda yake kwance ƙafafunta kawai yake gani cikin silifa, da gindin sandarta. Ƙafafun suka matsu da juna.

"Tambayarki nake, amarya. Motar da ba ta fita ba, ba a wanke ta ba, me ya kawo ruwa cikin soket?"

"Kai ɗan sanda ne?"

"Ni mijinki ne, ina da iko in sani."

"Ikonka bai wuce bakin ƙofa ba." Ta ja numfashi. "Kai yaro ne, ba ka san gangara ba. In gingimari ta sauko daga kan dutse da kaya, birkinta zafi yake yi har ya yi hayaƙi. In direbobi suka tsaya sai su kwara wa tayoyin ruwa su huce. To shi hannunsa ya saba. Ko da aka saya masa wannan, duk inda ya je ya dawo, ko nan da bakin titi ne, sai ya ce in miƙo buta. Ya tsaya nan inda kake, ya zuba wa ta bayansa, ya ce, sannu da aiki. Sannan ya shigo ya ci abinci."

"Wannan ai ba ta buƙata. Lantarki ne a wurin."

"Na gaya masa 'ya'yansa sun ce a daina. Ya ce 'ya'yansa ba su taɓa ganin birki ya kama da wuta ba."

"To bayan ya rasu fa?"

"Bayan ya rasu…" Ta ƙarasa da sauri kamar mai faɗa. "Butar ba ta rasu ba ai! In la'asar ta yi, lokacin dawowarsa, me kake so in yi da hannuna? Sai in zo in zuba. In ce sannu da aiki. In koma ciki."

Tausayinta ya kama Guntu. Kullum, ita kaɗai, da sanda a hannu ɗaya da buta a ɗaya, cikin wannan duhun. Su kuwa dangi suna can suna cewa ai Kaka ta dangana, ga ta tana ta barkwanci. Ya goge ido da bayan hannu, baƙin mai ya shafe masa fuska.

"Ashe ke ce aljanar," ya ce. "Na zo neman fatalwa, na tarar da tsohuwa da buta."

"Aljanar da ta haifi ubanka."

"Amma yau kin cika hannu. Har yanzu ɗiga yake."

"Yau?"

"Yau mana. Ga shi tayar ma da danshi."

"Yau ban shigo nan ba sai da kai," in ji Kaka. "Butar tana cikin motar kaya tun asuba. Kuma la'asar ba ta yi ba."

Guntu ya tsaya cak da soket a hannu. Wani ɗigo ya taru a bakin ƙarfen da ke saman fuskarsa, ya yi nauyi, ya faɗo masa a goshi. Sanyi ƙarara. Ya gaya wa kansa cewa na jiya ne, gareji a rufe, ruwa ba ya saurin bushewa. Ya sake gaya wa kansa. Bai leƙa bayansa ba dai.

"Ka yi shiru, jarumi."

"Aiki nake."

"Na ji haƙoranka suna aiki."

Ya fesa wa soket ɗin maganin tsatsa, ya naɗe 'yar samfefa ya shiga kankare ƙarafan ɗaya-ɗaya har suka fara ƙyalli. Wanda ya kusa rabuwa ya yanke shi ya sa sabo daga jakarsa. Aiki ne na haƙuri. Yana cikin yi ya ji Kaka tana magana, ba da shi ba, da wata murya mai laushi da bai taɓa jin ta da ita ba.

"Kai ma ka san ba son raina ba ne. Ƙafar ce ta ƙi. Ka ga ranar nan, da kana nan ai da ba a kai safiya ba… To ka yi haƙuri. Yaron nan ba zai iya komawa ya ce wa ubansa ya bar ni ba."

Guntu ya yi tari da gangan.

"Ina jinku fa. A gabana ake zance da matata."

"Yi aikinka, ɗan sa ido. Manya na magana."

"Me ya ce?"

"Ya ce ka ɗaure notunan da kyau, ya san halinka."

Ya busar da soket ɗin, ya shafa masa man hana ruwa, ya mayar har ya ji ya ce ƙas, ya naɗe da salatif. Ya mayar da taya, ya sauke jak, ya ɗaure notunan, ya sake bi ya ƙara ɗaurewa. Ya cire duwatsun gaba. Ya shiga ya tada injin, ya goge laifin da ke cikin kwamfutar. Rawayar fitila ta mutu, ƙararrawa ta yi shiru. Saura ja, ta daina ƙiftawa, ta tsaya cak tana kallonsa.

Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya kama Kaka ya zaunar da ita, ya sa mata bel, ya ajiye sandarta a baya. Ya dawo ya zauna ya taka birki. Ya kai yatsa kan maɓallin, sai ya janye.

"Danna mana. Ko sai an yi maka guɗa?"

"Hannuna duk baƙin mai ne. Ke danna."

Ta juyo ta dube shi. Ta gane sarai.

"Ja'iri. Wato in ya ƙi, ni ya ƙi. In ya saki, ni na ce ya saki."

"Ni dai direba ne. Ƙafata na kan birki."

"In na ƙi dannawa fa?"

"Sai in kashe mota, in shimfiɗa mana kwali a falo. Ni da ke da sauro. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ba zan sake barinki ke kaɗai a gidan nan ba, Kaka. Wannan ba wasa nake ba."

"Ka ga ta inda za ka kashe ni ke nan. Wa zai iya kwana da minsharinka?"

Ta ɗora yatsarta a kan maɓallin, yatsa siririya. Ba ta danna ba. Injin na ta ɗan gurnaninsa, ƙamshin turaren nan ya cika motar har Guntu ya ji kamar ya sauke gilashi. Ya san aikinsa ya yi kyau, amma a wannan lokacin da za a ce ya rantse birkin zai saki, ba zai rantse ba.

Leɓunanta suka motsa. Ta danna.

Dama ta ce ziii. Hagu ta ɗan yi jinkiri, sannan ta biyo, ba nishi, ba gardama, wata ƙara mai taushi da ta ja ta ja ta ƙare kamar ajiyar zuciya. Jar fitila ta mutu. Guntu ya ɗaga ƙafa kaɗan, motar ta gangara da kanta, hancinta ya shiga rana.

Kaka ta rufe fuska da gefen mayafinta. Kafaɗunta na rawa, ya ɗauka kuka take, kuma kukan ne, amma da ta sauke mayafin dariya ce a bakinta, hawaye na bin kumatu.

"Ka ga mutumin nan! Ko ja-in-ja bai yi ba. Daga dannawa sai ya sake ni, kamar dama jira yake."

"Ya san ya bar ki a hannu nagari."

"Ya bar ni a hannun baƙin mai dai. To na faɗi, kunnenka ya ji, ba zan maimaita ba: ka iya mota."

"Na fi shi?"

"Kar ka wuce gona da iri. Ka iya, na ce. Na kuma yarda, kai ne mijin yanzu, tunda babu wani."

Suka fito tsakar gida. Guntu ya taka birki ya kai hannu zai buɗe ƙofa.

"Bari in sauka in rufe garejin."

Ta riƙe masa hannu, riƙo mai ƙarfi da bai zaci tana da shi ba.

"Bar shi. Akwai mai rufewa."

"Kaka…"

"Ja mu tafi. Kuma kar ka kalli madubin nan." Idonta na kan hanya, tana murmushi. "Yana tsaye a bakin ƙofa. Bai taɓa son a gan shi yana kuka ba, balle kai da za ka je ka yi ta yi masa dariya."

Guntu ya ɗaga hannu ya karkatar da madubin sama, ya kalli rufin mota. Ya sa giya, suka fita a hankali.